Hayaƙin Gidan Mai Gari

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, inda ko yaya ka gaida mutum amsarsa ɗaya ce, akwai wata al'ada da aka gada tun kaka da kakanni. Duk gidan da hayaƙi ya tashi, maƙwabta suna da haƙƙin su shigo su ce sannu da aiki, su nemi wuri su zauna, kuma ba a sallamarsu sai sun wanke hannu sau biyu. Ba roƙo ba ne, ba kuma cin fuska ba. A wurinsu hayaƙi gayyata ne. Zamanin da rumbuna suke cike babu wanda al'adar ta dama, don kowa yana gidansa yana fama da nasa tuwon.

Sai zamani ya juya. Kasuwar garin, wadda da ma sunanta Taya-Ka-Wuce, ta cika sunanta. Hayaƙi ya dinga ɗaukewa gida-gida, har ya zamana in ka hau tudu ka duba, gida ɗaya tak ke turnuƙewa safe da rana da yamma, wato gidan Mai Gari Ɗan'azumi. Shi kuwa bawan Allah ya riga ya tsaya a dandali ya rantse wa jama'a cewa tun da aka shiga wannan hali koko kawai yake sha, shi ma ba sukari. To amma hayaƙi ba ya zuwa taro, bai ji rantsuwar ba. Kullum sai ya tashi da ƙamshin soyayyen nama, mutane su bi shi har tsakar gidan, su yi wa Mai Gari sannu da shan koko, su zauna.

Wadda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce Tabawa, mai girkin gidan. Tabawa mace ce dattijuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ɗiyarta ta fari, Lantana, ta dawo gabanta da 'ya'ya tun da nata mijin ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa. Duk wannan taron bakuna da ƙanzon gidan Mai Gari suke rayuwa, da ragowar miya da Tabawa ke rufewa da gefen mayafi in za ta tashi aiki. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. To tun da baƙi suka fara zuwa, tukunya sai a suɗe ta tas, ko ƙanzon ba a bari. Tabawa takan tsaya a bakin madafa tana kallon maƙwabtanta suna lashe yatsu, ranta yana suya fiye da naman.

Majalisar garin, mai suna Majalisar Haka-Ne, ta zauna a kan matsalar. Wani dattijo a can baya ya ce ko a ɗan rage girkin. Aka juyo ana dubansa, sai ya ce tari ne ya sarƙe shi. Daga nan aka ƙirƙiri sabuwar sarauta, aka naɗa wani Jatau Sarkin Hayaƙi, mutumin da bai taɓa hura wuta ba a rayuwarsa, wanda aka ce hakan ne zai sa ya yi aikin ba son zuciya. Jatau ya tafi birni ya dawo da wani mai sayar da kayan lantarki, Ɗanjuma, da na'urori biyu irin waɗanda ake kafawa a saman murhu su zuƙe hayaƙi. Aka jera su gaban Mai Gari. Tabawa tana bayan ƙofa tana leƙe.

Ɗanjuma ya dafa ta farko. "Ranka ya daɗe, wannan mai bututu ce. Za a huda bango, ta kwashe hayaƙi da zafi da tururi ta watsar waje. In ana girki mai yawa, ita na fi ba da shawara."

"Waje ina?" in ji Jatau.

"Waje dai. Sama."

"Wato daidai inda mutane suke kallo."

Ɗanjuma ya matsa ga ta biyu. "Wannan kuwa ba ta da bututu. In ta zuƙa, wannan rariyar ƙarfen ta kama maiƙo, wannan matacin gawayin ya kama ƙauri, sai ta maido da iskar cikin ɗakin."

Mai Gari, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi, ya buɗe ido. "Ba abin da ke fita?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Haka ne," in ji majalisa baki ɗaya, aka ɗau tafi.

Cikin tafin ne Ɗanjuma ya yi sauran bayaninsa, don haka babu wanda ya ji a cikin majalisar. Ya ce rariyar tana son wanki da ruwan zafi da sabulu duk ƙarshen wata, matacin gawayin kuma ba a wanke shi, in ya yi 'yan watanni ya ƙoshi sai a cire a sa sabo. Ya ce don girkin gas aka yi ta, ba don itace ko gawayi ba, kuma don Allah a bar taga a buɗe, tun da ita ba ta ƙirƙirar sabuwar iska, wadda ta tarar ita take juyawa. Tabawa ta ji shi sarai. Amma a lokacin hankalinta yana kan ƙanzo, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Aka kafa na'ura, aka jona ta da janaretan gidan, tun da wutar garin ta daɗe da zama labari. Washegari Jatau ya kawo magini ya toshe tagar madafa da bulo, yana cewa taga ai bututu ce da ba a saya ba. Aka sa wa ƙofa labule mai kauri. Gas kuma an kawo, sai dai Mai Gari ya ce naman da bai ji gawayi ba ai dafaffen tsumma ne, saboda haka aka ajiye kaskon gashi a ƙarƙashin na'urar, kusa da kaskon suya.

Aiki ya yi kyau, wallahi. Sama ta washe. Aka yi shela cewa Mai Gari, don tausayin talakawa, ya kashe murhunsa gaba ɗaya. Tsofaffi suka dinga yi masa addu'a, wasu har da hawaye, suna mamakin yadda mutum zai daina ci amma wuyansa ya dinga ƙara ninki. Aka ce ai haƙuri ne, haka yake kumbura mai shi.

Tabawa kuwa kakarta ta yanke saƙa. Ƙanzo ya dawo, ya taho da rakiyar ƙashi mai ɓargo. Jikokinta suka yi kumatu. In ta gamu da maƙwabtan da a da suke suɗe mata tukunya, sai ta gyara mayafi ta ce, "Ai mu ma sai haƙuri, ko ashana ba ma ƙyastawa." Ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Mai karatu, kada ka yi saurin zaginta sai ranar da naka jikan ya kwana yana kukan yunwa.

Kwanci-tashi muryar na'ura ta fara sauyawa. Da tana shuuu, yanzu sai gurnani. Wani baƙin mai ya fara ɗiga daga jikinta yana faɗawa cikin miya. Sai a lokacin maganar Ɗanjuma ta faɗo wa Tabawa. Ta ciro rariyar, ta tafasa ruwa, ta zauna bakin kwata ta wanke ta fes. Abin da ba ta lissafa ba shi ne kwatar gidan Mai Gari a titi take ɓullewa. Ruwan ya fita da kitse yana yawo a samansa. Kyanwoyi suka fara zuwa, karnuka suka biyo, kafin azahar mutane sun yi dafifi. Wani tsoho ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce shi dai a saninsa wannan man shanu ne, da ɗan kitsen rago.

Jatau ya fito da rawaninsa, ya dubi kwata, ya dubi jama'a. Ya ce albishirinsu, Allah ya dubi haƙurin Sai-Godiya, arzikin ƙasa ne ya fara tsattsafowa. Nan take aka kafa kwamitin haƙo shi, aka kewaye kwatar da igiya, aka sa dogari. Jama'a suka watse suna murna, har da masu rabon abin da ba a haƙo ba.

Da Jatau ya koma ciki, ya kira Tabawa. "Iya, wa ya aike ki?"

"Ranka ya daɗe, mai na'urar ne ya ce a dinga wankewa."

"Mai na'ura yana birni, ni ina nan. Daga yau ko ruwan alwala kada ya taɓa ta. Abin da ke gidan Mai Gari ba ya datti."

Daga ranar ba a sake wanke ta ba. Rariya ta toshe, mataci ya ƙoshi, na'ura ta ci gaba da aikinta na amana: ta ɗauki hayaƙi daga kan kasko ta miƙa wa Tabawa a fuska. Bango ya fara gumi. Idanunta suka yi ja kamar gauta, kanta ya dinga sarawa. Sai tari ya zo, irin wanda ke farawa daga ƙasan ciki ya lanƙwasa mutum biyu.

Wata rana da hantsi, kafin Tabawa ta fita aiki, Lantana ta ga abin da uwar ta tofar a ƙasa tana saurin rufewa da ƙafa.

"Inna, wannan ba tarin sanyi ba ne. Baƙi ne fa."

"Ke dai ba ki da aiki sai sa ido."

"Ki bar aikin nan, Inna."

"In bari ku ci me? Tausayina?"

Yaran suna gefe suna rigima a kan ƙashin jiya. Tabawa ta ɗauki mayafinta ta fita, amma tsoro ya riga ya kama ta, don ta san in ƙirjin nan ya tsaya, tukunyar gidanta ma ta tsaya.

Ta sami Jatau ta durƙusa, ta roƙe shi a sa sabon mataci, ko a cire bulo ɗaya daga tagar.

"Iya, yi tunani," in ji shi. "In aka ga an shigo da sabon mataci daga birni, me za a ce? Mai shan koko me zai tace?"

"Ranka ya daɗe, numfashina ne ke tafiya."

"Tafiya ina? Ba abin da ke fita daga ɗakin nan. Ai shi ne amfanin na'urar."

Amma kada a yi masa ƙarya, ya kai maganar majalisa, majalisa kuma ta ɗauke ta da muhimmanci. Aka sa ranar Bikin Canjin Mataci, na cikin gida, ba a gayyaci talaka ba. Aka ɗinka anko. Aka sauko da tsohon mataci a kan faranti, baƙi ƙirin, yana naso. Jatau ya yi jawabi, ya gode masa bisa hidimar da ya yi wa gari, ya ce tarihi ba zai manta da shi ba. Daga nan ya juya shi, bayansa ya koma gaba, aka yi kabbara, aka mayar da shi mazauninsa a matsayin sabo. 'Yan majalisa ba su ga abin mamaki ba, don su ma haka ake canza su tun suna samari. Aka yi walima, Tabawa ce ta soya naman.

Ana wata ga wata. Tarin ya yi ƙarfi har ana jinsa ta bayan katanga, mutanen Sai-Godiya kuwa yunwa ta wasa musu kunne. Suka lura cewa tarin yana tashi safe da rana da yamma, daidai lokutan da hayaƙi yake tashi a da. Wasu suka fara taruwa a gindin katangar suna muhawara, ko a al'adance tarin mai girki ma gayyata ne. Jatau ya warware wannan cikin sauƙi. Ya murɗa na'urar zuwa ƙarshen gudunta, rurinta ya danne tarin, aka yi shela cewa ƙarar injin haƙar arzikin kwata ce.

Da Tabawa ta ga uwar bari, ta tari Mai Gari da kansa yana fitowa daga turaka, ta zube.

"Allah ya ja zamaninka, ka leƙa madafa ka gani da idonka. Hayaƙi zai kashe ni."

Mai Gari mutum ne mai jin koken talaka, kowa ya shaida. Ya ce jibi zai leƙa. Saboda haka tun daga washegari aka hana kunna wuta, aka ɗage labule, aka goge bango, aka sa ɗan turare. Ranar da ya shigo, majalisa na biye da shi, ya ja numfashi ya sauke.

"Iska kamar bayan ruwan sama. Ina hayaƙin, Tabawa?"

"Ranka ya daɗe, sai ana suya yake taruwa."

"Suya?" Ya juya ya dubi majalisa, ya dawo da ido kanta. "A gidan nan ana suya ne?"

Tabawa ta ɗaga kai. Idanu sun yi mata caa. In ta ce e, ta ƙaryata rantsuwar Mai Gari a gaban majalisarsa, kuma ta san daga nan sai ƙofa. In ta ce a'a, ta ƙaryata ƙirjinta. Ta tuna kumatun jikokinta.

"A'a, ranka ya daɗe. Koko ne."

"To kin gani. Koko kuwa ba ya hayaƙi. Allah ya ba ki lafiya, ki rage shan ruwan sanyi."

"Haka ne," in ji majalisa.

Ba a yi sati ba ta faɗi. Da rana tsaka ne, tana juya cinyar rago, jiri ya kwashe ta ta zube a gindin murhu. Ba faɗuwarta aka ji ba, na'ura tana ruri. Abincin Mai Gari ne ya yi latti, aka aiko a ji dalili, aka tarar nama ya ƙone ƙurmus, ita kuma tana kwance. Aka fara ceto abin da ya rage na naman, sannan aka janyo ta waje.

Washegari likitan fada, Sambo, ya sa abin awonsa a ƙirjinta, ya daɗe yana saurare. Aka kira shi gaban majalisa, ita kuma aka shimfiɗe ta a zaure tana jin komai.

"Ƙirjinta ya cika," in ji likita. "Duk abin da ya tashi daga kaskon nan tun da aka toshe taga, yana ciki. Ba zai iya ɗaukar ƙari ba."

Majalisa ta yi jugum. Ba don Tabawa ba, kada ka ɗauka. Tambaya ce ta dame su: in ita ta cika, hayaƙin gobe ina zai je? Dattijon nan na baya ya buɗe baki, ya tuna tarinsa na kwanaki, ya rufe.

Sai fuskar Jatau ta washe. Ya miƙe ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, ai wannan labari ne mai daɗi. Watanni muna girki, ko zare ɗaya na hayaƙi bai fita ba, alhali ba mu wanke komai ba, ba mu sayi komai ba. Ashe na'urar lafiyarta ƙalau. Ɗanjuma ya yi gaskiya da ya ce akwai abin da ake canzawa in ya ƙoshi, kuskurensa kawai bai san wanne ba ne." Ya nuna zaure da haɓa. "Na gawayi sai an je birni, kowa ya gani. Irin wannan kuwa garin nan cike yake da su."

Wannan karon majalisa har miƙewa ta yi kafin ta ce haka ne.

Aka sallami Tabawa cikin girmamawa. Jatau ya yi jawabi, ya gode mata bisa hidimar da ta yi wa gari. Aka ba ta turmin atamfa, aka ce ta je ta huta, ba a ce da me za ta ci ba. Ta fito tana dafa bango, baƙin ciki ya tokare ta a inda hayaƙin ya bari.

A ƙofar gida ta tarar da layi, tun daga bakin zaure har ya sha kwana. Mata ne, manya da matasa, don tun da safe aka yi shela cewa gidan Mai Gari yana neman mai dama koko. Babu wadda ta yarda koko ne, shi ya sa suka zo. Jatau ya riga ya fito yana bin layin ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tambayar wace ce ta iya miya. Cewa yake kowace ta ja numfashi ta riƙe, shi kuma yana kallon faɗin kafaɗarta.

Can tsakiyar layin Tabawa ta hango Lantana, da goyo a baya.

Ta ƙarasa ta damƙi hannunta. Maganar tana bakinta, duk ta haɗa ta: tagar da aka toshe, baƙin man da ke ɗiga, abin da likita ya faɗa yanzun nan a kunnenta. Lantana ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Inna, tun jiya ba a ɗora komai ba," ta ce a hankali.

Yaron da ke bayanta yana tsotsar bakin zane. Tabawa ta dube shi, ta dubi Jatau, saura mata kaɗan ya iso.

"Kwanto min shi," in ji ta. "Goyo yana danne ƙirji. Miƙe kafaɗarki, ke. In ya zo, ki ja sosai, ki riƙe har sai ya wuce."

Ta karɓi jikan ta saɓa a kafaɗa. Sai ta ji tarin yana tasowa daga ƙasa. Ta cusa gefen sabuwar atamfar a baki, ta yi sauri ta kewaya bayan katanga, don kada Sarkin Hayaƙi ya ji ya ce abin na gado ne.